Ranar da Kwamfutar Baba Ta Ƙi Buɗewa

A bankin da na yi wa aiki, ba mutum ne ke gaya maka an kore ka ba, kwamfuta ce. Ka zo da safe cikin kwat da turare, ka gaisa da mai gadi, ka zauna a kujerarka, ka buga lambar sirrinka, sai allon ya yi ɗan juyi ya ce bai san ka ba. Shi ke nan. Kafin ka gama haɗiye miyau, mai gadin da kuka gaisa ɗazu ya tsaya a bayanka riƙe da kwali, kansa a ƙasa, yana jiran ka zuba kayanka ya raka ka bakin ƙofa. Saƙon sallama sai daga baya yake biyo ka gida. Na sha ba mutane wannan labari su ce ƙari nake yi. Wallahi ko gishiri ban ƙara ba.

Banki ne babba, irin wanda hedkwatarsa take can ƙasar Turawa, yana da rassa a ƙasashen da ban ma san yadda ake faɗin sunayensu ba. Reshenmu yana Kaduna, wajen Kakuri, ba nisa da tsofaffin masaƙun nan da suka mutu. Ni kuwa daga Tudun Wada nake tasowa kullum, in tsallake gada a keke mai ƙafa uku, takalmin ofis a leda, silifa a ƙafa. Ranar da aka ɗauke ni aiki, duk wanda ya tsaya gaisawa da Hajiya mahaifiyata sai ya ji cewa 'yarta ta shiga bankin Turawa. A teburin sauraron ƙorafin kwastomomi aka ajiye ni, wai don an lura ina da baki. Ina da shi kuwa, ban taɓa musu ba.

Abin da aka fara koya mana shi ne, mu duka dangi ɗaya ne. An rubuta shi da Turanci a bango, ga hoton mutane farare da baƙaƙe suna dariya haƙora waje. Kowace Litinin kafin a buɗe wa jama'a ƙofa, sai mu yi da'ira mu tafa, mu maimaita taken banki kamar 'yan firamare. An kuma hana cewa Oga ko Yallaɓai ko Malam. Kowa a kira shi da gundarin sunansa, ko da ya haife ka. Nan ne na fara turjewa. Akwai wani dattijo a sashen bayan kanta, inda ake tantance takardun hada-hada, mutumin kudancin Kaduna ne, kansa fari fat, sa'an mahaifina ne ko ma ya girme shi. In buɗe baki in kira sunansa gatsau? Harshena ya ƙi. Baba nake ce masa. Aka yi ta yi mini gargaɗi har aka gaji, daga baya duk reshen suka bi sahuna, har manaja in ya manta.

Baba ya fi kowa daɗewa a wurin. Tun kafin a kawo ƙofar nan mai magana da ke kulle mutum a tsakiya ta ce ya fitar da mukullin aljihunsa yake aiki a ginin. A Kamazou yake zaune da matarsa, yana da gona a Kakau, kuma in damina ta yi albarka sai ka ga ya shigo banki da kwat, yana rungume da buhun ɗanyar masara, ya bi tebur-tebur yana rabo. Ni yakan ware mini nawa daban, ya ce, "'Yata, wannan na Hajiya ne, ba naki ba. Ke bakinki ya ishe ki abinci." Kaɗan ya rage masa ya yi ritaya, kuma ba shi da zance sai wannan. Dattijon ikilisiya ne, ya riga ya tsara sujadar godiya da za a yi masa a coci ranar da ya ajiye aiki, har ya gayyace mu tun ba a sa rana ba. Abin da yake so a duniya shi ne ya fita daga ginin nan da ƙafarsa, da rana tsaka, ana yi masa tafi, a ce ya shiga lafiya ya fita lafiya.

Akwai ranar da kwamfutar wani mai karɓar kuɗi ta ƙi buɗewa, magidanci mai 'ya'ya. Mai gadi ya zo da kwalinsa. Mutumin ya riƙa roƙo a bar shi ya ga manaja, aka ce manaja yana waya. Haka aka raka shi ta gaban kwastomomi, yana rungume da kwali, maɓallin kwat ɗinsa a buɗe. Kowa ya sunkuyar da kai yana danne-danne kamar mai aiki. Ba rashin tausayi ba ne, ko kuwa in ce ba shi kaɗai ba ne. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa kake yi. Da aka tashi cin abinci, Baba ya daɗe bai taɓa kularsa ba. Can ya ce mini, "Ni dai in tawa ta zo, ba zan tsaya yaron da na ba kuɗin mota ya riƙe mini kwali ba. Na san hanyar gidana." Na ce masa ya daina faɗin haka, tasa ba za ta zo ba.

Shekarar da abin ya faru, raɗe-raɗi ya cika ko'ina cewa hedkwata za ta rage ma'aikata. Ba wanda ya faɗa mana a hukumance, a can ba a faɗa, sai dai ka ji a baranda, ko a wayar abokinka na wani reshe. Buɗe kwamfuta da safe ya koma mana abin fargaba. Musulminmu mu yi bisimilla, Kiristanmu su runtse ido su motsa leɓe, sannan a danna. In allo ya buɗe sai ka ji ajiyar zuciya daga wannan lungu, wani ya amsa daga wancan. Mutane masu digiri biyu-biyu, ga su nan suna lallashin allo.

Wata Litinin, bayan mun gama tafi da taken dangi ɗaya, kowa ya koma mazauninsa. Daga teburina ina hango na Baba ta ƙofar da ke tsakaninmu. Na ga ya danna, ya tsaya. Ya sake dannawa. Ya cire tabarau ya goge da gefen nektayinsa, ya mayar, ya bi haruffan da yatsa ɗaya a hankali. Allon bai buɗe ba. Ban san yadda labari ke yawo a ofis ba tare da an yi magana ba, amma nan take wurin ya yi tsit, har ƙarar na'urar sanyaya ɗaki ake ji. Na ce a raina, har Baba? Har shi?

Bai kalli kowa ba. Ya jawo durowa ya ɗauki Littafi Mai Tsarkinsa, da kofin shayinsa, da maganin hawan jini, ya sa a jakar ledar da ya zo da abinci. Ya miƙe ya gyara kwat, ya ɓalla maɓallansa har sama. Da ya zo wucewa ta gabana na miƙe, bakina da ake yaba wa ya mutu murus. Shi ne ma ya ce, "Zauna, 'yata, kwastoma na jiranki. Ki gai da Hajiya." Ya fita kafin mai gadi ya farga. Ofishin manaja na gilashi ne, kowa na ganinsa, shi ma yana ganin kowa. Yana zaune a ciki, na ga ya ɗaga kai ya bi Baba da ido har ƙofa ta rufe, sannan ya koma kan abin da yake yi. Ni kuwa na shige banɗaki na yi kukana, na wanke fuska, na dawo na ce wa wata mata mai ƙorafin katin cirar kuɗi barka da zuwa, da murmushin da aka koya mana.

Ranar Asabar muka haɗu mu kaɗan muka tafi Kamazou yin jaje. A ɓoye muka yi, don a bankinmu ziyartar wanda aka kora kamar laifi ne, ba a rubuta ba amma kowa ya sani. Matarsa ta tarbe mu, mace ce doguwa mai murya, malamar makaranta ce da ta yi ritaya. Ta kawo mana kunu da gyaɗa, ta zauna ta wanke bankin nan tas, ba ta rage masa komai ba.

"Mutum ya ba ku ƙuruciyarsa, ya ba ku idonsa, ko kira ba za ku yi ku ce masa ga laifinka ba? Na wa o! Ko kare za ka kora daga gida ai ka ce masa fita."

Baba yana gefe yana cewa, "Mama, ya isa. Yaran nan ba su suka yi ba." Ta ce ta sani, ai da su ne da ba su sha kununta ba. Ta ce har yanzu ko takarda ba a aiko ba. Mu kuwa, masana, muka ce mata ai haka ake yi, takarda daga baya take zuwa. Ta kama hannun mijinta a gabanmu ta ce shi bai yi abin kunya ba, su ne suka yi, kuma duk wanda ya tambaye ta a coci haka za ta faɗa masa.

Saƙo ya zo kuwa, bayan mako ya zagayo da 'yan kwanaki. Amma ba irin wanda aka saba ba ne. Cewa aka yi an sallame shi saboda ya yi watsi da aikinsa ya daina zuwa ba tare da izini ba. Da labarin ya iso mana na ce a raina, kun rufe wa mutum kwamfuta, kun kuma ce shi ya gudu? Muka yanke cewa sabuwar dabara ce ta hana shi haƙƙinsa na ritaya, don wanda aka kora da irin wannan laifi ba ya fita da komai, ko takardar shaidar kyakkyawan hali. Baba ya kira manaja a waya, sau ɗaya tak, na ji daga bakinsa daga baya. Manaja ya ce masa cikin muryar nan tasa mai laushi, "Baba, ka yi haƙuri, abin daga sama ne." Bai sake kira ba. Sujadar godiya kuma ba a sake zancenta ba.

Aka yi wata da watanni. Wata safiya na yi bisimillata na danna, allo ya yi juyinsa ya ce bai san ni ba. Na sake, ya sake. Na ji shirun nan ya sauko, wannan karon a kaina. Na ga maƙwabciyata ta janye kujerarta kaɗan, kamar abin yana yaɗuwa. Amma ni ba Baba ba ce, ba ni da haƙurinsa, ba ni da kawaicinsa. Na ce wallahi in za a kore ni sai mutum mai numfashi ya faɗa mini da bakinsa. Na jawo wayar tebur na kira sashen kula da kwamfutoci da ke Legas, na ɗaga murya yadda kowa zai ji, na ce su gaya mini ko an kore ni ne.

Wata mata ce ta ɗauka, ina jin tana tauna wani abu. Ta nemi lambata ta aiki, ta yi danne-danne, ta yi dariya.

"Wa ya kore ki? Kwas ne ba ki gama ba."

Ashe akwai wani darasi da hedkwata ta turo kowa ya yi a kwamfuta, ka kalli hotuna ka amsa tambayoyi, kuma an sa sabuwar doka cewa duk wanda wa'adinsa ya wuce bai gama ba, kwamfutarsa ta kulle kanta har sai ya kira an buɗe masa. Sanarwar tana cikin tulin saƙonnin da ake zubo mana kullum, waɗanda ba mai karantawa. Darasin kuwa, don Allah ku ji, a kan kula da lafiyar zuciyar abokin aiki ne. Ta ce in sake dannawa. Na danna, ya buɗe. Ina shirin ajiye waya sai ta ƙara da cewa, mu mutanen reshen nan sai a hankali, ai kwanakin baya ma an yi wani a wurinmu, shi ko kira bai yi ba. Su da kansu suka ga ya yi ta gwadawa, suka buɗe masa tun kafin azahar, suka sanar da manajanmu ya gaya masa, amma har yau bai sake shiga ba. Na tambaye ta wane ne. Ta karanto mini sunan Baba.

Ban san lokacin da na ajiye wayar ba. Na zauna ina kallon allon da ya buɗe, ba na ganin komai. Babu wanda ya kori Baba. Kwamfuta ta yi masa abin da take yi wa wanda bai gama kwas ba, shi kuma ya yi abin da aka koya mana cewa shi ake yi. Da ya daina zuwa, wata na'ura can a wata ƙasa ta ga kujerarsa ba kowa, kwanakin da doka ta yanka suka cika, ta fitar da saƙon sallama. Mu kuma mun je har gida mun yi masa jaje, mun sha kunu.

Ban nemi izini ba na tura ƙofar gilashin. Manajanmu mutum ne mai tsafta da fara'a, bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba, in ɗanka ba shi da lafiya shi ne na farkon tambaya. Na ce masa, "Yallaɓai, an gaya maka an buɗe kwamfutar Baba tun ranar?" Da gangan na ce Yallaɓai. Ya tashi ya rufe ƙofa, ya nuna mini kujera, na ƙi zama.

"An gaya mini," in ji shi.

"Ka kira shi?"

Ya juya biro a hannunsa ya ce, "Ki fahimce ni. A lokacin an ce kowane reshe ya ba da mutum ɗaya. Na kwana biyu ba na iya cin abinci. Duk wanda na duba, ina ganin iyalinsa. Sai ga shi mutum ya tashi da kansa ya tafi. Ni ban kore shi ba. Ban dai kira shi ba."

Na ce, "Kaɗan fa ya rage masa."

"Na sani. Ke kuma kin san wace ce ta zo reshen nan daga ƙarshe? Kin san wace ce aka fi rubuta wa gargaɗi?" Bai faɗa da barazana ba, da ma barazanar ya yi da ya fi mini sauƙi. Faɗa ya yi kamar mai tuna mini alherin da ya yi mini, yana jiran godiya. Na tsaya ina kallonsa, ga turarensa ya cika ɗakin, ga hoton 'ya'yansa a kan tebur. Tunda nake ban taɓa jin tsoron mutum irin na ranar ba, kuma mutumin ko gira bai ɗaga ba.

Na yi ƙoƙari, ba zan ce ban yi ba. Na kira sashen kula da ma'aikata, aka tura ni wurin wata, ta tura ni wurin wani, kowa da ladabinsa, kowa yana gode mini da na nuna damuwa. A ƙarshe aka ce lokacin ɗaukaka ƙara ya wuce, kuma wanda abin ya shafa ne kaɗai zai iya magana, ba ni ba. Ihu bayan hari. Da na ba mahaifiyata labari ta riƙe baki ta ce in bar kaza cikin gashinta, mutumin ya riga ya haƙura, kada in tono masa ciwo. Na kwana biyu ina juya maganarta. Amma na ga in na yi shiru na zama manaja na biyu, shi bai kira ba, ni ma ban kira ba.

Ban je Kamazou ba, don ban san yadda zan faɗi wannan magana a gaban Mama ba. Na kira shi na ce ina son ganinsa, ya ce ai yanzu kullum yana gona. Na shiga mota zuwa Kakau ranar wata Asabar, aka sauke ni bakin titi, na bi kwatancensa da ƙafa cikin laka. Na same shi tsakiyar masara da tsohon wandon kwat ya naɗe ƙafafunsa, ya rame, amma ya yi murna da ganina. Ya juya bokiti ya ba ni in zauna, shi ya zauna a kan kunya. Ya tambayi Hajiya, ya tambayi mutanen ofis ɗaya bayan ɗaya, har manaja.

Na gaya masa. Ban yi kwana-kwana ba, ban iya ba. Na faɗi kwas ɗin, da matar Legas, da buɗewar da aka yi kafin azahar, da abin da manaja ya ce. Abu ɗaya na rage, ban faɗa masa cewa kujerata ce tafiyarsa ta tsare ba, ina ganin ya gane ko ban faɗa ba. Yana saurarona yana murza ƙasa a tafin hannunsa. Da na gama ya ci gaba da murza ta, har na fara tunanin mahaifiyata ta fi ni gaskiya.

"Wato da na zauna," in ji shi. "Da na zauna a kujerata har azahar."

Na ce, "Baba, ba laifinka ba ne. Kowa a wurin nan abin da ya ɗauka ke nan. Mu je mu nemi lauya, ni zan ba da shaida, ko da aikina zai tafi."

Ya girgiza kai. Ya ce lauya zai tambaye shi wa ya ce masa ya tafi, me zai amsa? Ya kakkaɓe hannunsa a wando, ya juya ya kalli masararsa. Da ya juyo idonsa ya yi ja, kuma tunda na san shi ranar ce kaɗai na ji muryarsa ta karye.

"'Yata, abu ɗaya zan roƙe ki. Kada Mama ta ji. Ta tsaya gaban mata a coci ta ce an zalunci mijinta, kanta a sama. Da wannan take tashi kowace safiya. Ki bar mata shi. In ta ji cewa ba wanda ya kore ni, ni na ɗauki jakata da hannuna na fito, ban san da wane ido zan kalle ta ba."